ƘIBAR YARA DA HAƘƘIN DA KE KAN IYAYE: JAWABI GA AL'UMMAR LOLO DA KEWAYE



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya azurta mu da 'ya'ya, ya kuma sanya su amana a hannunmu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, iyayenmu da malamanmu, iyayenmu mata, 'yan uwa da suka taso daga Bagudo da Illo da Tsamiya da Ka'oje da ƙauyukan bakin kogi, da maƙwabtanmu da suka ƙetaro daga ƙasar Benin, muna yi muku barka da zuwa. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Abin da aka ɗora mana mu yi bayani a kansa shi ne ƙibar yara: yadda ake kare yaro daga gare ta, da yadda ake bi da wanda ta riga ta kama. Mun san akwai wanda zai ce a ransa, "A Lolo? Ina muka ga ƙoshin da har za a tara mu a kan maganar ƙiba?" Wannan tambaya tana kan hanya, kuma da ita za mu fara.

HALIN DA MUKE CIKI

Babu shakka, babbar matsalar yaranmu har yanzu ita ce tamowa. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka gudanar a shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A Jihar Kebbi kuwa adadin ya kai kashi 66, kuma babu jihar da ta kai ta a wancan bincike. Yaran da nauyinsu ya wuce ƙima a duk ƙasar kashi 2 ne kawai. A shekarar 2022 ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara kwantar da yara masu tamowa a asibitin Maiyama, saboda yawan masu buƙata. Don haka duk wanda ya ce yunwa ta fi damun mu, gaskiya ya faɗa.

To amma a duba abin da ke tafe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 1990 yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19 masu muguwar ƙiba miliyan 31 ne a duniya. Zuwa 2022 sun kai miliyan 160. A watan Satumba na 2025 hukumar UNICEF ta bayyana cewa, a karo na farko, masu muguwar ƙiba a cikin yara 'yan makaranta da matasa sun fi masu rama yawa idan aka haɗa duniya gaba ɗaya. Yankinmu na Afirka kudu da Sahara da kudancin Asiya ne kaɗai abin bai kai haka ba tukuna. Binciken nan na 2018 kuma ya sami kashi 28 na matan Nijeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 da nauyin da ya wuce ƙima. Ruwan da ya ci maƙwabci, mai hankali ba ya jira sai ya shigo zaurensa kafin ya gyara magudana.

ALAƘAR TAMOWA DA ƘIBA

Ga abin da ya fi muhimmanci a duk wannan jawabi, muna roƙon a saurara da kyau. Mutane suna ɗauka tamowa da ƙiba kishiyoyi ne, inda ɗaya take ɗayar ba ta zuwa. Ilimin likitanci ya nuna akasin haka.

A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, a hunturun 1944 zuwa 1945, an yi matsananciyar yunwa a yammacin ƙasar Holan. A shekarar 1976 masana suka fitar da sakamakon binciken da suka yi a kan samari kimanin 300,000 'yan shekara 19 da aka auna lokacin ɗaukar soja. Sai aka tarar waɗanda yunwar ta sami iyayensu mata a farkon rabin goyon ciki sun fi sauran yawan muguwar ƙiba. Daga baya wani likita ɗan Ingila, David Barker, ya nuna a shekarun 1980 cewa jariran da aka haifa da ƙarancin nauyi sun fi fuskantar ciwon zuciya idan sun manyanta.

Bayanin da masana suka bayar shi ne, jikin da ya ɗanɗani yunwa tun yana ciki ko yana goye, yakan ginu a kan tattali. Duk abin da ya samu sai ya adana, kamar magidancin da fari ya taɓa cin rumbunsa. Idan irin wannan yaro ya taso ya tarar da sukari da mai da fulawa a yalwace, jikinsa zai tara kitse da sauri, musamman a ciki, alhali tsawonsa bai ƙaru ba. Ke nan yaron da ya tsumbure a yau, shi ne aka fi jiye wa ciwon sukari da hawan jini gobe. Idan biyu cikin ukun yaran jiharmu sun tsumbure a 2018, to mu ne ya kamata mu fi kowa kula da abin da muke zuba musu idan Allah ya kawo buɗi.

ABIN DA YA CANZA A GIDAJENMU

Allah ya zaunar da mu a wuri mai albarka. Ga kogin Kwara da kifinsa, ga fadamun shinkafa, ga gero da dawa da wake da gyaɗa, ga nonon Fulani, ga zogale da rama da yakuwa da kuka. Ya kuma zaunar da mu a kan iyaka, hanyar Madikali da Malanbil tana kusa, kaya suna shiga suna fita. Kasuwancin nan arziki ne, kuma da shi da yawa daga cikinmu suke ciyar da iyali. Sai dai a cikin katan-katan ɗin da ke zuwa mana, daga ƙetare ko daga kamfanoninmu na gida, akwai biskit da alawa da garin lemo na leda da madarar gwangwani mai zaƙi da lemon kwalba da taliyar yara. Suna da araha, ba sa lalacewa, kuma an yi su ne don harshen yaro ya ƙallafa a kansu.

Mu dubi kanmu da adalci. Magidanci ya kamo kifi ya sayar gaba ɗaya, ya dawo gida da leda cike da biskit da lemo don ya faranta wa yara. Uwa ta dama kunu ta zuba masa sukari har sai ya fi ƙarfin harshen babba. Yaro zai tafi makaranta, maimakon ɗumame ko ƙosai da koko, sai a danƙa masa kuɗi, ya tsaya a bakin ƙofar makaranta ya sayi alawa da ruwan zaƙi mai launi. Ba don ƙiyayya muke yi ba. So ne, amma son da ba a haɗa shi da sani ba yakan cutar.

Kwalbar lemo mai rabin lita tana ɗauke da sukari kimanin giram 50, wato kusan ƙaramin cokalin shayi 12. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa na yini, kuma in an yi ƙasa da kashi 5 ya fi, wato kimanin cokali 6 ga babban mutum. Ku gwada wannan da cikin yaro ɗan shekara 6. Gwamnatin tarayya ta sanya harajin naira 10 a kan kowace litar lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, amma kowa ya san naira 10 ba ta hana yaro sayen abin da ransa ke so. Hani na gaskiya yana hannun iyaye.

Haka nan motsi ya ragu. A da yaro yakan taka zuwa gona, ya yi kiwo, ya yi langa da kokawa, 'yan mata su yi gaɗa da 'yar gala-gala a dandali. Yanzu a gidajen da Allah ya hore wa, 'yar tafiya kaɗan sai an hau kabu-kabu, sauran yinin kuma ido yana kan waya ko a gidan kallo.

IDO BA MUDU BA NE

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A wannan babi kam, ido ya sha yaudarar mu. Da yake mun daɗe muna binne yaran da rama ta kashe, sai muka ɗauki kowane cikar jiki a matsayin lafiya. A ga yaro da kumatu a ce tubarkalla, uwarsa ta iya goyo. Wajibi ne mu bambance abubuwa guda uku.

Na farko, kumburin tamowa. Yaron ya cika, ƙafafu da fuska sun tashi, gashi ya yi ja ya yi laushi, ba ya walwala. Wannan ruwa ne ya taru. A danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa, a ƙirga uku a hankali, a ɗaga. In ramin ya zauna a duka ƙafafun, to a garzaya da shi asibiti a ranar, domin rayuwarsa tana cikin haɗari.

Na biyu, kumburin ƙwaya. Akwai magungunan da ake sayarwa a kasuwa da sunan maganin ƙiba, waɗanda jama'a ke kira sha-ka-fashe. Da yawansu suna ƙunshe da deksametason, wanda likitoci ke bayarwa don wasu cututtuka na musamman, da awo, zuwa wani lokaci. Wanda ya daɗe yana shan sa fuskarsa takan kumbura ta yi zagaye, ciki ya fito, amma ƙashi ya yi rauni, garkuwar jiki ta faɗi, sukarin jini ya hau, yaro kuma tsawonsa ya tsaya. Abin takaici, ana ba wa ƙananan yara, ana kuma ba wa 'yan mata idan biki ya gabato don a ce amarya ta yi kyau. Ya ku iyaye mata, ku ji tsoron Allah a kan wannan. Wanda kuma ya riga ya daɗe yana sha, kada a yanke masa rana ɗaya, domin hakan ma haɗari ne. A kai shi ga likita ya rage masa sannu a hankali.

Na uku, ƙiba ta gaskiya, wato taruwar kitse fiye da buƙatar jiki. Hanyar tabbatar da ita ita ce awo. Ma'aikacin lafiya zai auna nauyi da tsawo, ya gwada da jadawalin shekarun yaron da jinsinsa. Katin awon da ake ba mu a asibiti, wanda muke jefawa a ƙasan adaka da zarar an gama allurar rigakafi, shi ne mudun da ya kamata mu dogara da shi.

ILLOLINTA

Yaro mai muguwar ƙiba yakan yi haki da ɗan motsi, ya yi minshari har numfashinsa ya riƙa sarƙewa cikin barci, ya wayi gari yana gyangyaɗi a aji. Gwiwoyi da ƙugu sukan yi ciwo. Wani kuma bayan wuyansa da hammatarsa su yi baƙi da kauri, uwa ta yi ta dirza da soso tana zaton dauɗa ce, alhali alama ce cewa jiki ya fara gazawa wajen sarrafa sukari. Kitse yakan taru a hanta. Ciwon sukari irin na manya, wanda a da sai dattawa, yanzu ana samun sa a jikin matasa. Wani nazari da ya tattara bincike masu yawa a 2016 ya nuna cewa kimanin kashi 80 cikin 100 na matasa masu muguwar ƙiba da ita suke shiga girma.

Mu tuna kuma a ina muke zaune. Ciwon sukari da hawan jini abokan zama ne na har abada. Ga kuɗin magani kowane wata, ga na gwaji, ga na mota zuwa Bagudo ko Birnin Kebbi, allurar insulin kuma tana son wuri mai sanyi. Gida nawa ne a cikinmu zai iya ɗaukar wannan shekara 30 ko 40? Lalle rigakafi ya fi magani.

MATAKAN RIGAKAFI

Abin farin ciki shi ne, matakan da ke kare yaro daga ƙiba su ne dai ke kare shi daga tamowa, kuma mafi yawansu suna cikin gonarmu da tukunyarmu.

Na ɗaya, a fara tun daga ciki. Mai juna biyu ta sami wake da kifi da ganye da ƙwai gwargwadon hali, ta je awo, ta sha maganin ƙarin jini. Wannan nauyin miji ne.

Na biyu, shayarwa. A ba jariri dakashi da zarar an haife shi, kada a matse a zubar. Nonon uwa zalla har wata 6, ba ruwa ba jiƙo, sa'an nan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku, likitocin duniya kuma a kan haka suka tsaya. A 2018 kashi 29 ne kawai na jariranmu 'yan ƙasa da wata 6 ke shan nono zalla.

Na uku, daga wata 6 a fara kunu mai kauri na gero ko dawa, a haɗa da garin gyaɗa da waken suya ko garin busasshen kifi. Kada a ba yaron da bai kai shekara 2 ba lemo ko alawa. Harshen da bai saba da zaƙi ba, ba ya kukan neman sa. A daina ɗura, domin ban da haɗarin shaƙewa, tana koya wa yaro cin abin da ya wuce ƙoshinsa. In ya kau da kai, a dakata a sake gwadawa an jima.

Na huɗu, abin sha na yau da kullum ya zama ruwa mai tsabta. Fura da nono da kunun zaƙi da zoɓo duk namu ne, amma a rage musu sukari da kaɗan-kaɗan har harshe ya saba. Lemon kwalba ya koma na ranar salla ko suna.

Na biyar, a gyara kwano. Shinkafa fara da mai da yaji kullum tana cika ciki, ba ta gina jiki. A sa mata wake, a kawo kwaɗon zogale ko rama, a bar wa gida kasonsa na kifi kafin a kai kasuwa. Tsarabar yara ta zama mangwaro, gwaiba, goruba, dafaffiyar gyaɗa ko dankali. A rage soye-soye, a rage gishiri da ɗanɗanon dunƙule, daddawa tana nan.

Na shida, motsa jiki. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya sami aƙalla minti 60 kowace rana yana motsin da zai sa shi gumi. 'Yan mata ma haƙƙinsu ne, kuma tsakar gida ko filin makarantar mata ya ishe su wasa cikin sutura da mutunci. Yaron da bai kai shekara 2 ba kada a ba shi waya ya kalla, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a yini.

Na bakwai, barci. Ɗan makaranta yana buƙatar awa 9 zuwa 12. Yaron da ke raba dare a gidan kallo yakan tashi da kwaɗayin zaƙi da kasala.

YARON DA YA RIGA YA YI ƘIBA

Da farko a kai shi a auna, a duba jininsa in likita ya ga dama, domin a wasu lokuta ƙalilan wata cuta ce ko wani magani ke jawo ta. Kada a sa shi yunwa, kada a hana shi karin kumallo, kada a saya masa shayin rage ƙiba ko wani haɗi na kasuwa. Yaro yana cikin girma ne. Sau da yawa abin da ake nema shi ne nauyinsa ya tsaya wuri ɗaya, tsawonsa ya cim masa, kuma wannan aikin watanni ne, yana son haƙuri.

Gyaran ya zama na gida gaba ɗaya. Ba adalci ba ne uba ya zauna da kwalbar lemo a gabansa yana hana ɗansa. A tsayar da lokutan cin abinci, a ci tare, a zuba wa yaro daidai cikinsa, a daina yi masa lada ko rarrashi da alawa. Hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adi Kariba, wanda Tirmizi ya ruwaito, ya koyar da mu kasa ciki gida uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi, aya ta 31 ta Suratul A'araf kuma ta hana wuce iyaka a ci da sha. Mun haddace su tun muna yara, saura mu aikata su a gaban 'ya'yanmu.

Sa'an nan a kiyaye harshe. Kiran yaro da sunayen izgili saboda jikinsa, a gida ko a makaranta, zalunci ne, kuma ba ya rage masa ko giram ɗaya. Abin da yake haifarwa shi ne yaro ya guji wasa da tsaransa, ya koma ɗaki ya ci a ɓoye. Malamai su tsawatar a kan wannan kamar yadda suke tsawatarwa a kan zagi.

KIRA GA AL'UMMA

Ga magidanta: cefane a hannunku yake, abin da kuka kawo shi ake dafawa. Kuɗin lemon kwalba biyu ko uku a ba uwar gida ta sayi wake ko gyaɗa.

Ga shugabannin makarantun Islamiyya da na boko: ku duba abin da ake sayarwa a ƙofarku. Ba muna cewa a kori mata masu neman halal ba ne. A zauna da su a ƙarfafa musu sayar da ƙosai da alala da gyaɗa da 'ya'yan itace. A ajiye randar ruwa mai tsabta, a kuma ware lokacin wasa.

Ga masu shagunan magani: kada ku sayar wa uwa ƙwayar ƙiba don ɗanta, ko da ta roƙa. Ribar da ke cikinta ba ta kai alhakin ba.

Ga 'yan agaji da matan da ke karantarwa a cikin gidaje: ku nemi ma'aikatan lafiya su koya muku gwajin kumburi da awon damtse, ku isar da wannan saƙo da Hausa da Dandanci da Zabarmanci da Fulatanci, har ga 'yan uwanmu na ƙetaren iyaka, tun da kasuwarmu ɗaya, cimarmu ɗaya.

KAMMALAWA

Ya ku 'yan uwa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da muke roƙo kowa ya tafi da shi gida a yau abu uku ne masu sauƙi: a nemo katin awon kowane ƙaramin yaro a kai shi a auna a cikin wannan wata, a rage rabin sukarin da ake zubawa a kunun safe, a kuma fitar da duk wata ƙwayar ƙiba da ke cikin gida a nuna wa ma'aikacin lafiya. Za a tambaye mu game da waɗannan yara, kuma cikinsu yana cikin abin da za a tambaya.

Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki namu ne, Allah ya yafe mana. Allah ya raya mana zuriya cikin lafiya da imani, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya yalwata mana abinci mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanmu lafiya.